Ƙawaye Biyar da Gawa Ɗaya: Amsa ga Mai Son Rubuta Labarin Sirri a Kano

Wata ƙanwata daga Gyaɗi-Gyaɗi ta turo min tambaya, ta haɗo da shafi arba'in na rubutunta. Ta ce ta karanta wani littafin Turanci da ya hana ta barci, inda tsofaffin ƙawaye suka haɗu a wani gida a bakin tafki lokacin hutu, bayan kwana biyu aka tsinci gawar ɗayarsu, daga nan asirai suka riƙa tonuwa. Sai ta ɗauki alƙalami ta tara mata biyar da suka yi makarantar kwana tare, ta kai su otal, ta kashe ɗaya, kuma ta tsaya cak, ta rasa yadda za ta yi da sauran huɗun. Tambayarta ita ce, irin wannan labari zai zauna a Hausa kuwa, ko ta haƙura ta koma rubutun soyayya?

Zai zauna, ƙanwata, har ya fi zama a wurinmu. Na karanta shafukanki sau biyu, kuma alƙalaminki ba shi da laifi. Abin da ya cije miki shi ne kin ɗauko tukunyar wasu da murfinta kin ɗora a murhunmu. Kin aro otal, kin aro gawa, kin aro ɗan sanda mai littafi a hannu, amma kin bar abin da muka fi kowa iyawa, wato yin shiru a kan magana shekara talatin ana gaisawa ana cin tuwo tare. Labarinki yana cikin wannan shirun. Ban ga dalilin shirun ko ɗaya daga cikin matanki ba, shi ya sa da gawar ta faɗi ba su da abin ɓoyewa, ke ma ba ki da abin tonowa.

Mu fara da abin da mai karatu zai fara tuntuɓe da shi. Watannin da Turawa ke fita shan rana, Yuni zuwa Agusta, mu damina ce. Bazararmu kuwa, daga Maris zuwa Mayu, lokaci ne da zafi ke haura maki 40 a Kano, mutum inuwa yake nema da ruwan randa, ba yawo ba. Sannan ki dubi matan naki. Sun haura arba'in da biyar, huɗu suna da aure, kowacce da 'ya'ya, wata har da jikoki. Kin rubuta cewa sun yanke shawarar tafiya hutun mako guda don su huta. Duk matar da ta karanta wannan a Kano, kafin ta kai ƙarshen layi za ta ce, wa ya ba su izini, wa suka bar wa yara, ranar girkin wace ce ta faɗo a ciki? Ba wai ba a yi ba ne, masu hali suna zuwa Umra tare, suna zuwa Dubai da Masar. Amma abin da ke tara mata biyar irin waɗannan su kwana ɗaki ɗaya ba tare da kowa ya ɗaga gira ba, sananne ne: biki, ko rasuwa, ko taron tsofaffin ɗalibai. Ni biki nake ba ki shawara, kuma bikin 'ya'yan biyu daga cikinsu, ɗan wannan zai auri 'yar waccan. Ki sa shi a dogon hutun makaranta, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, lokacin da na nesa ke zuwa gida, ta Kaduna ta zo, ta Abuja ta zo, wadda ke aure a Ingila ma ta sauka da akwatunanta.

Wurin kuma, idan ranki na son bakin ruwa, ba sai kin ƙetare jiha ba. Ga Tiga nan kudu da birni, tafiyar kusan kilomita 70, madatsar da aka gina a kan Kogin Kano zamanin Gwamna Audu Baƙo aka kammala a 1974. Ga Bagauda, wadda a da can ake zuwa shaƙatawa, yanzu wurin ya koma makarantar horar da lauyoyi. Ga madatsar Challawa ta wajen Ƙaraye. Wanda ya tashi a Kano shekarun 1980 yana da tsohon hoton da aka ɗauka a ɗaya daga cikin wuraren nan, ko na yawon buɗe ido na makaranta, ko na ranar Sallah, kuma wannan kaɗai zai taɓa zuciyar mai karatunki. Sai dai kada ki kashe mutum a otal mai suna na gaske, ba ki da wannan haƙƙi a kan masu shi. Ki ƙirƙiri gidan gona na mijin ɗaya daga cikinsu, mai mangwaro da shanu da maigadi ɗaya, a ce an je can ne kwana uku kafin biki don a yi wa amarya gyaran jiki a ɓoye, iyaye mata kuma su ƙarasa lissafi nesa da hayaniyar cikin gari.

Amfanin wurin ɗaya ne tak: ya kulle su. Agusta ne watan da ruwa ya fi yawa a ƙasar Kano. Hanyar burji ce, an kwana ana tsuga ruwa, rafi ya kawo ya cinye kwalbati, direba ya tafi gari sayo dizal bai dawo ba. Sabis sai an hau kan dutse. Da wannan kin gama, ba mai shiga ba mai fita. In kuwa kin fi sanin cikin gari fiye da bakin ruwa, to ki zauna a inda kika sani. Tsohon gida a Yakasai ko Mandawari, mai soro uku da tsakar gida ɗaya, ya ishe ki, tunda mu nan mun san yadda ake wayar gari a ji an sa dokar hana fita. An yi a Janairun 2012, an yi kullen korona a Afrilun 2020, an sake yi a farkon Agustan 2024. Baƙin da suka zo wuni sai ga shi sun kwana uku. Duk wanda ya rayu a garin nan ba zai ce kin yi ƙarya ba.

Sai batun gawa, inda nan ne rubutunki ya fi yin tangal-tangal. Kin ajiye mamaciya kwana biyu a ɗaki ana jiran likita ya zo ya duba. Ƙanwata, a ina? Wadda ta cika da asuba, kafin azahar an yi mata wanka, an sa ta a likkafani, an sallace ta, an kai ta. Wanda ya ce a tsaya a bincika abin da ya kashe ta, kallon da za a yi masa ma ya ishe shi, wata tsohuwa za ta ce masa, kai ba ka yarda da ƙaddara ba ne, kwananta ne ya ƙare. Marubuta da yawa suna ganin wannan a matsayin cikas, sai su tsallake shi su shigo da 'yan sanda ta taga. Ni kuwa a wurina kyauta ce aka ba ki. A littafin da kika karanta, kowa ya yarda an yi kisa, abin nema shi ne wanda ya yi. A naki, ba ma wanda ya yarda an yi wani abu. Mutum ɗaya ce hankalinta bai kwanta ba, kuma duk al'ada da ladabi suna ce mata ta rufe bakinta.

Wace ce ita? Ki tuna da masu wanka. Su ne mutane na ƙarshe da ke ganin jikin mamaciya, kuma malamai sun hore su da su rufe duk abin da suka gani, amana ce. Ki kwatanta ɗakin: an sa labule, ga bokitin ruwan magarya, ga na kafur, mata biyu ko uku, ba mai magana sai salati ƙasa-ƙasa. Ɗaya daga cikin ƙawayen ce ke zuba ruwa da buta. Ta kama hannun mamaciyar za ta wanke, sai ta ga farcen tsakiya ya karye har ya yi jini, ga ɓurɓushin fentin ƙofa a ƙarƙashinsa. Ta ɗaga kai, ta haɗa ido da wadda ke riƙe da ƙafa. Waccan ma ta gani. Ta kawar da kai, ta ce, zuba ruwa mana, Asabe, rana na yi. Daga wannan minti Asabe tana ɗauke da abin da addini ya ce ta rufe, zuciya kuma ta ƙi bari ta manta. Babu likitan da zai ba ki abin da wannan ɗaki zai ba ki.

Yanzu ga gundarin maganar, sirrin kansa. A rubutunki sirrin shi ne ɗaya ta ƙwace wa ɗaya saurayi suna aji biyar. Wannan ba ya kai mace shekara talatin. An yi fushi, an yi gaba, an haihu an je suna, an shirya. Sirrin da zai riƙe littafi sai ya zama wanda in ya fito yau, yau ɗin nan zai rusa wani abu, kuma kowacce da ta san shi tana da dalilin yin shiru wanda mai karatu zai ce, wallahi ni ma da haka zan yi. Muna da irinsu birjik: gado da aka danne, ɗan riƙo da ba a gaya masa ba, kuɗin adashi da aka ci aka ɗora wa wata, amanar marayu. Bari in ɗauki ɗaya in gina miki da sunayen matanki, ki ga yadda yake tafiya.

A ce sun gama makaranta a 1993. A 1997 Binta ta haifi ɗanta na fari, yana wata huɗu zazzaɓi ya kwantar da ita a asibiti kwana biyu, aka kai jaririn gidan Rabi a Fagge, ita ma tana goyo. Cikin dare yaro ya ƙi madara, ya yi kuka har ya shiɗe. Rabi ta sa masa nono. Lami na ɗakin, ta gani. Da safe ba wadda ta ce komai, don a lokacin abin bai kai a faɗa ba, sannan dangin mijin Binta mutane ne masu tsegumi. Bayan shekara biyar Rabi ta haifi 'ya mace. Yau ga yaron nan ya girma, ya ga yarinyar, sun daidaita, kowa na murna zumunci zai ƙara ƙulluwa.

Kin san hukuncin. A mazhabar Malikiyya da muke bi, ba sai an shayar sau da yawa ba, ko sau ɗaya ne, muddin nono ya isa cikin yaro yana ƙasa da shekara biyu, ya zama ɗanta, kuma duk 'ya'yan da ta haifa, na gabansa da na bayansa, 'yan'uwansa ne, babu aure. To ga inda marubuci zai lashi baki. A Muhtasar na Shaihu Halil, wanda ake karantawa a zaurukan garin nan, shaidar mace ɗaya ba ta tabbatar da shayarwa, sai dai an so a nisanci auren. Ta mata biyu kuwa tana tabbatarwa, idan maganar ta bazu kafin a ɗaura aure. Ki duba abin da wannan ya ba ki. Mata biyu ne suka sani, Rabi da Lami. Ɗaurin aure ranar Asabar ne. Lami ta dawo daga Hajji bana, zuciyarta ta yi laushi, ta ja Rabi gefe ranar Laraba ta ce ba za ta iya shiga kabari da wannan ba. Ranar Alhamis da asuba aka tarar Lami ta cika. Ga dalili, ga agogo yana tafiya, kuma ba ki aro ko ɗaya daga waje ba. Kafin ki rubuta wannan babi ki je zauren malami ki zauna a karanta miki wurin, don masu karatunki akwai 'yan Islamiyya da za su kama ki a kan kalma ɗaya.

Me ya hana Rabi magana tun da aka fara neman auren? Nan za ki daɗe. Kasuwar mijinta ta karye a Kantin Kwari, mijin Binta ne ya biya bashin ya rufa musu asiri. 'Yarta ta yi saurayi biyu suna gudu, wannan ne ya tsaya. An kawo lefe akwati goma sha biyu, dangi sun gani, maƙwabta sun gani. Kuma ta shekara tana gaya wa kanta cewa ai bai sha ba, baki kawai ya sa, barci ya ɗauke shi. Ta faɗa har ta kusa yarda. Kada ki mai da ita muguwa mai jan ido. Ki bar ta mace mai sallar dare, mai kyauta, wadda in ana neman mai gaskiya a cikin su biyar ita za a nuna. Binta fa? Wataƙila ta sani tun tuni, ta ga alama a ranar da aka dawo mata da jaririn ya ƙi karɓar kwalba, ta yi shiru don ita ma tana son auren. Balaraba, ta Ingila, ba ta san wannan ba, amma ta san wani: Lami tana karɓar kuɗi a hannun Rabi duk wata, shekara da shekaru. Kowacce da guntun da ta riƙe, kowacce tana zaton nata ne kaɗai.

Mutuwar Lami kuma ba sai an sa mata guba ba. Guba da wuƙa sun yi yawa a littattafanmu, kuma mace irin Rabi ba za ta iya ba. Lami tana da asma. Daren an yi ruwa, ɗaki ya yi sanyi, ciwon ya tashi, abin shaƙarta yana cikin jaka a falo, ƙofar ɗakin kuma ta kumbura da damina tana cijewa. Ta buga, ta kira. Wata ta ji. Ta tashi zaune, ta sa ƙafa ɗaya a ƙasa, sai ta tsaya. Minti nawa ta tsaya? Da ta je ta buɗe, an riga an gama. Ba kotun da za ta kama ta, ita kanta ba ta san sunan abin da ta yi ba. Kuma ba dole ba ne ta zama Rabi. In kin gina sauran da kyau, uku daga cikin huɗun suna da dalilin tsayawa wannan mintin, mai karatu zai yi ta juya su a ransa har shafin ƙarshe.

Alamomin da za ki watsa a hanya, su ma daga gida za ki ɗebo su. Mafi daɗinsu a wurina ita ce kara. Kin san uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, suruka ma ba ta kiran sunan mijin 'yarta gatsal. To ki sa Rabi ba ta taɓa furta sunan angon ba a duk littafin, sai dai ta ce yaron nan, ko ɗan gidan Binta. Mai karatu zai gani ya wuce, zai ce kunyar suruki ce. Sai can wajen ƙarshe Asabe ta tuna cewa tun yaron yana rarrafe Rabi ba ta kiran sunansa, alhali tana kiran na ƙannensa duka. Abin yana gaban mai karatu tun shafi na uku. Wannan shi ne adalci a irin wannan rubutu, ki nuna komai a fili, amma ki ba shi wata fassara mai sauƙi da zai riƙe ya yi gaba. Haka littafin gudummawa, wanda mata ke rubuta abin da kowa ta kawo a biki don a san abin da za a mayar. Wanda ya iya karanta shi zai ga tarihin ƙawance gaba ɗaya: wa ta ninka, wa ta mayar daidai, wa ta kawo abin da ya fi ƙarfinta, a wace shekara aka fara. Haka wa ta ɗinka anko wa ta ce tela ya ɓata mata. Haka wa ke sa hannu a tire ɗaya da wa.

Mai binciken ma sai kin sake mata hali. Kin sa ɗan sanda yana tambayar Hajiya Binta inda take da ƙarfe biyun dare. Ko ya samu shiga gidan, amsar da zai samu ita ce, ina ɗakina mana, ɗan nan. A wurinmu ba a tambaya kai tsaye, zagaye ake yi. Asabe ta dace da aikin don ita ce ba a lissafawa: aurenta ya mutu, ba ta haihu ba, ita ake aika kicin, ita ake bar wa jakunkuna, ana magana a gabanta kamar ba ta nan. Makaminta ta'aziyya ce da hira. Ga misali, ta samu Rabi tana ninke kayan mamaciya:

"Sannu da haƙuri, Hajiya. Ni kam barcin asara na yi, ko motsi ban ji ba."

"Wa ya ji? Ruwan nan kamar da bakin ƙwarya."

"Haka ne. Allah Ya jiƙanta. Ƙofar nan tata ma dai, jiya da rana sai da na sa kafaɗa."

"Ai daga waje ba ta da wuya, ɗagawa ake yi kaɗan."

Asabe ta ce Allah sarki, ta ci gaba da ninki. Ba ta tuhumi kowa ba, ba ta ɗaga murya ba. Amma Rabi ta ce tun da suka zo ba ta shiga ɗakin Lami ba, to yaushe ta koyi yadda ake buɗe shi? Ki riƙe wannan salo. Habaici, gugar zana, addu'ar da ke da ƙaya a ciki, su ne tambayoyinki.

Akwai hanyoyin ha'inci da nake roƙon ki guje musu, don na faɗa ciki da kaina. Aljani ba zai tashi a kan amarya ya faɗi wanda ya yi ba. Ba za a yi mafarki mamaciya ta zo da farin kaya ta nuna yatsa ba. Ba wata tsohuwa da za ta sauka daga ƙauye a babi na ƙarshe ta ce ku zauna in ba ku labari. Mutanenki suna iya yarda da duk waɗannan, wata ma ta je wurin mai duba a ce mata kishiya ce, wannan gaskiyar rayuwa ce kuma yana ƙara ruɗa sawu. Amma warwarar sai ta fito daga abin da Asabe ta gani da idonta, mai karatu ma ya gani tare da ita. Sai kuma ɗabi'armu ta marubutan Kano, wadda da zarar an gabatar da mutum sai a tsaya a ce, wace ce Binta, a kwashe shafi ashirin ana ba da asalinta tun daga kakanni. A labarin soyayya ana yafe wannan. A labarin sirri kuwa kin zubar da garinki tun ba a ɗora tukunya ba. Tarihin matan nan shi ne dukiyarki, ki riƙa fitar da shi da cokali.

Na ce na faɗa ciki. A ƙarshen shekarun 1990, lokacin da littattafai ke tafiya kamar ƙosai a Sabon Gari da bakin Bata, na rubuta wani labari mai ɓoyayyen al'amari. Mai sayen littattafaina ya ce sai an raba shi uku, na ɗaya da na biyu da na uku, haka kasuwa take so, kuma a sa abu mai zafi a ƙarshen na ɗaya. Ni kuma da rashin wayo na ɗauki babban sirrin na ajiye a nan. Na ɗaya ya ƙare tas. Na biyu da na uku suka yi ta shan ƙura. Wata mata ta tare ni a gidan suna a Sharaɗa, ba ta san ni ce marubuciyar ba, ana hira ta ce ai ita tun da ta ji ko ɗan waye ba ta ƙara ɓata kuɗinta ba. Na ce mata ta kyauta, na ci gaba da cin wainata. Abin da ya kamata in yi shi ne in rufe kowane kashi da ƙaramin sirri wanda ke buɗe babbar tambaya. A naki, kashi na ɗaya ya ƙare da farcen da ya karye. Na biyu ya ƙare da kuɗin da Rabi ke ba Lami, kowa ya ɗauka ya gano. Nono sai a na uku, mai tsayawa a bakin ƙofa kuma sai a shafukan ƙarshe.

Ku yanzu ba ku da mai shago a kanku, amma kuna da wanda ya fi shi matsi. Kina sakin shafi a WhatsApp ko Wattpad, kafin ki kwanta mutum ɗari sun faɗi wadda suke zargi, kuma cikinsu wata za ta dace. Sai zuciya ta ce miki canza mai laifin don ki ba su mamaki. In kika canza, duk alamomin da kika shuka a baya sun tashi a banza, kuma za a gane. Don haka kada ki saki ko layi ɗaya sai kin rubuta babin ƙarshe kin ajiye. Ki samu takarda ki zana daren nan awa-awa, daga sallar isha zuwa kiran assalatu: wa ke wane ɗaki, yaushe aka kashe inji, wa ta fita alwala, wa ta ga hasken tocila. Wannan takarda ba za ta shiga littafi ba, amma duk ƙaryar da wata za ta yi daga ita za ki auna ta. Ki kuma tuna mutane da yawa yanzu da kunne suke karatu, a rediyo ko a YouTube, suna wanke-wanke. Sunayen matanki sun rabu da kyau, amma mazajensu kin sa Alhaji Sani da Alhaji Sabo da Alhaji Salisu. Mai sauraro zai ɗaura wa wata mijin wata. Ki canza biyu.

Abu ɗaya da ban yanke miki ba shi ne abin da Asabe za ta yi ranar Asabar da safe, maza sun fara taruwa a ƙofar gida a cikin gari, an kawo goro da alawa, ita kaɗai ce ta haɗa zaren, kuma ita ba ta ga shayarwar da idonta ba, balle ta zama shaida. In ta yi magana ta rusa gida biyu da ƙawancen shekara talatin da biyar, kuma za a ce baƙin ciki ne na wadda ba ta haifa ba. In ta yi shiru ta zama ta shida a cikin masu shirun, in an lissafa da mamaciya da ita kanta ta jiya. Wannan naki ne, kuma kada ki bari wani malami ko wani attajiri ya shigo ya ɗauke mata nauyin.

Ki koma shafinki na 23. Akwai inda Balaraba ta haɗa shayi da safe ta zuba kofi huɗu, alhali a lokacin su biyar ne, Lami tana da rai. Da na karanta sai da na gyara zama, na ɗauka da gangan kika yi, na yi ta jira har shafi na 40 ban ga kin koma kai ba. In kuskure ne, kada ki gyara. Ki zauna ki gano wace ce Balaraba ta ƙi zuba wa, tun yaushe, kuma wa ya lura a cikinsu ya yi kamar bai gani ba. In kin samo, ki sake rubuta babi na ɗaya ki turo min kafin Sallah.